Mahujin Tarakta da Aikin Haƙa Ramukan Shinge

Shingen waya aiki ne da ido ke ganin rabinsa kawai, domin abin da ke riƙe da shi yana binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk tsadar wayar da ingancin dirkokin da aka ɗaure ta a jikinsu, wato sandunan itace ko ƙarfe ko kankare da ake kafawa a jere, shingen ba zai wuce ƙarfin ramukan da aka kafa su a ciki ba. Yawan ramukan ne ke mayar da aikin babba. Gona mai faɗin hekta ɗaya, idan ɓangarorinta huɗu tsawonsu ɗaya ne, kewayenta mita 400 ne, kuma idan aka bar tazarar mita 3 tsakanin dirka da dirka sai an haƙa ramuka fiye da 130 kafin a zagaye ta. A makiyayun yammacin Amurka kuwa, inda aka yanka ƙasa mil-mil tun lokacin da aka fara auna ta, an saba barin kimanin mita 5 tsakanin dirkoki, abin da ke nufin ramuka 320 a kowane mil, da ramuka 1,280 kafin a killace fili mai tsawon mil ɗaya ta kowace fuska.

Buƙatar ta taso ne a rabi na biyu na ƙarni na 19. Dokar rabon filaye ta shekarar 1862 ta bai wa duk wanda ya yarda ya zauna ya noma eka 160 a filayen yamma, waɗanda yawancinsu ciyawa ce zalla babu itatuwan da za su isa a yi shingen katako, kuma ba a sami mafita ba sai da waya mai ƙaya ta bazu bayan Joseph Glidden, wani manomi a garin DeKalb na jihar Ilinoi, ya yi rajistar samfurinsa a 1874. Wayar ta rage yawan itacen da ake buƙata, amma ta bar wa manomi haƙa, kuma shekaru kusan saba'in bayan haka da hannu ake yin ta, da wani abu mai kama da shebur biyu da aka haɗa bakinsu, da kuma doguwar sandar ƙarfe mai nauyi wadda aikinta ɗaya ne da na dagi a wurin Bahaushe. A tsakiyar jihar Kansas ƙarancin itace ya kai ga manoma suna sassaƙa dutsen farar ƙasa su mayar da shi dirkoki, waɗanda da yawansu suna nan tsaye har yau.

Abubuwa biyu ne suka haɗu kafin tarakta ta karɓi wannan aiki. Na farko shi ne ɗan guntun ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke leƙowa ta bayan tarakta, wanda injin ke juyawa domin ya ba wata na'urar ƙarfi, makanikai kuma suna kiransa PTO. Kamfanin International Harvester ne ya fara sayar da tarakta mai ɗauke da shi a 1918, daga baya masana'antu suka daidaita a kan kaurin milimita 35 da tsaga shida da juyi 540 a minti ɗaya, ta yadda kayan aikin kamfani ɗaya za su shiga taraktar wani. Na biyu shi ne maratayi mai hannu uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, wanda Harry Ferguson, ɗan Arewacin Ayaland, ya yi wa rajista a 1926, ya kuma bazu a duniya tare da taraktar Ford 9N ta shekarar 1939. Da shi ne direba ke ɗaga garma ko sauke ta daga kan kujerarsa da ƙarfin matsin mai, wato haidirolik. Da aka sami abin juyawa da abin ɗagawa a wuri ɗaya, saura abin hudawa, kuma a farkon shekarun 1940 kamfanin Danuser da ke garin Fulton a jihar Misuri ya fara ƙera mahujin da ake ratayawa a bayan tarakta, wanda siffarsa ba ta sauya sosai ba zuwa yanzu.

Na'urar ba ta da sarƙaƙiya. Akwai lanƙwasasshen bututun ƙarfe mai kama da wuyan raƙumi da ake ɗaurawa a mazaunin hannun sama na maratayi, wani ƙarfen mai ƙafa biyu yana tallafe da shi daga hannuwan ƙasa, a ƙarshensa kuma akwatin giya yana reto. Sandar farfela tana ɗauko juyi daga bayan tarakta zuwa akwatin, shi kuma ya karkatar da juyin daga kwance zuwa tsaye, ya kuma rage saurinsa zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, abin da ke ninka ƙarfin murɗawa da gwargwadon haka. A ƙasan akwatin ake ɗaura mahujin kansa, wato bututu mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai wanda aka naɗa wa faffaɗan ƙarfe daga ƙasa zuwa sama kamar zaren sukuru. A bakinsa akwai tsinin da ke fara shiga ƙasa ya tsayar da shi a kan alama, da haƙoran da ke kankare ƙasa, naɗin kuma yana hauro da abin da aka kankare zuwa sama, bisa dabarar da ake jingina wa Arkimidis na Sirakus tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Faɗin da aka fi amfani da shi wajen shinge shi ne inci 6 da 9 da 12, kuma ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 20 zuwa 45 ta isa ta juya kowannensu.

Abin da ya fi dacewa mai karatu ya riƙe game da wannan na'ura shi ne abubuwa biyu da ba ta iya yi, domin daga gare su ne gwanintar sarrafa ta da haɗarinta duka suka samo asali. Na farko, ba ta danna kanta cikin ƙasa. Maratayin yawancin ƙananan taraktoci ɗagawa kawai yake yi da ƙarfi, saukarwa kuwa sakin mai ne a bar nauyi ya yi aikinsa, don haka abin da ke tura mahuji ƙasa bai wuce nauyin na'urar ba, wanda a ƙanana yake tsakanin kilo 70 da sama da 100 kaɗan, sai kuma jan da tsini da haƙora ke yi idan sun sami abin kamawa. A ƙasa mai laima wannan ya wadatar, rami mai zurfin santimita 90 yana iya kammaluwa cikin minti ɗaya ko biyu, amma a busasshen fako mahujin sai ya yi ta juyi a sama yana goge ƙasa har ta yi sheƙi ba tare da ya shiga ko da taki ɗaya ba. Na biyu, ba ta juyawa baya, domin PTO fuska ɗaya yake juyawa. Idan direba ya saki maratayi gaba ɗaya a ƙasa mai danƙo, ko naɗin ya kama saiwar itace, mahujin yakan daina haƙa ya shiga nutsewa kamar yadda sukuru ke shiga katako, kuma cikin daƙiƙu kaɗan zai binne kansa har wuya, ta yadda haidirolik ba zai iya zaro shi ba, wani lokaci ma ƙoƙarin zarowar ya ɗaga ƙafafun gaba na tarakta. Mafita a nan guda ce kuma mai gajiyarwa: a kashe inji, a raba mahujin da akwatin giya ko a cire farfela, a kama shi da babbar sifanar famfo da aka ƙara wa tsawo da bututu, a yi ta kwance shi da hannu har ya fito.

Wannan ne ya sa ƙwararren direba yake haƙa rami a hawa-hawa. Yakan ja tarakta da baya har tsini ya tsaya a kan alama, ya sa giya a firi ya ja birki, ya saukar da mahujin ya taɓa ƙasa, sannan ya kunna PTO injin yana ƙaramin gudu, nesa da juyi 540 ɗin da aka ambata, domin sauri a wannan aiki girgiza kawai yake ƙarawa. Daga nan sai ya riƙa sassauta maratayi kaɗan-kaɗan, hannunsa bai bar sandar haidirolik ba, kuma duk bayan taki ɗaya ko biyu ya ɗago mahujin ya watsar da ƙasar da ke kan naɗi ya sake mayar da shi. Idan an kai zurfin da ake so, ya fi kyau a tsayar da juyi kafin fitarwa ta ƙarshe, domin ƙasar da ke kan naɗi ta fito tare da shi maimakon ta zube cikin ramin, haka kuma ba a barin mahuji yana juyi bayan ya fito sarari gaba ɗaya, saboda yakan yi lilo ya dagula bakin rami, ya kuma wahalar da gaɓoɓin farfela da ke aiki a karkace. Kunne ma yana da nasa aikin, domin sautin inji yana sauyawa da zarar haƙora sun ci karo da abu mai tauri, kafin ido ya ga komai.

Akwai kuma matsalar miƙewa. Hannuwan maratayi baka suke yankawa a yayin da suke sauka, saboda haka akwatin giya yana matsawa gaba ko baya gwargwadon zurfin da aka kai, kuma mahujin da ya fara a miƙe zai ƙare a karkace idan ba a gyara ba. Gyaran shi ne a gusa taraktar da 'yan santimitoci sau ɗaya ko biyu a tsakiyar haƙa. Karkatar gefe ta fi wuyar gani daga kan kujera, musamman a gangare, kuma a nan ne ake buƙatar mutum na biyu ya tsaya nesa yana nuni da hannu.

Tsakanin farfela da akwatin giya akwai wata ƙusa mai noti da aka yi da ƙarfe mai taushi da gangan, wadda aikinta shi ne ta karye idan mahuji ya ci karo da dutse ko babbar saiwa, ta raba inji da nauyin da ya fi ƙarfin giya, kamar yadda fis ke ƙonewa domin ya tsare kayan lantarki. Farashinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na akwatin giya, kuma a ƙasa mai duwatsu ana iya karya da yawa a yini guda, abin da ke sa wasu su gaji su maye gurbinta da ƙusa mai tauri da ba ta karyewa. Wannan wayo ne na ɗan lokaci, domin ƙarfin da ya kamata ya tsaya a kan ƙusar sai ya wuce zuwa haƙoran giya ko cikin tarakta kanta. Mafi muni kuma ita ce ƙusar da ta fi ƙima tsawo, wadda ke barin kai ko wutsiya a waje yana zagayawa kamar ƙugiya mai jiran tufa.

Batun tufa shi ne zuciyar haɗarin. Sandar da ke juyi 540 a minti tana zagayawa sau 9 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan kaurinta ya kai santimita 7 da rabi tana iya naɗe fiye da mita 2 na yadi a cikin wannan daƙiƙa; ko a rabin wannan gudu, mita ɗaya ta fi tsawon hannun mutum, kuma daƙiƙar za ta ƙare kafin direba ya kai hannu ga makashi. Raunin da ake samu daga irin wannan naɗewa yakan kai ga rasa hannu ko ƙafa ko rai. Abin lura shi ne wanda abin ya fi rutsawa da shi sau da yawa mataimaki ne da ke tsaye a ƙasa, kuma raunin na'urar ne ke jawo shi kusa da ita: da yake ba ta danna kanta, sai a ga wani ya rataya a wuyanta ko ya taka ta domin ƙara nauyi, da yake tana lilo, sai wani ya riƙe akwatin giya domin ya saita tsini, wani kuma ya kai shebur ko ƙafa yana janye ƙasa daga bakin rami tana cikin juyi. Littattafan da masana'antu ke haɗawa da na'urar sun hana duk waɗannan, suna kuma umartar a sarrafa ta daga kan kujera kawai, a nisanta kowa da mitoci da dama, a bar murfin roba na farfela da na akwatin giya a wurinsu, kada kuma direba ya sauko sai ya kashe PTO da inji ya ga komai ya tsaya cik. Tsohuwar wayar da ke kwance cikin ciyawa tana da nata sharrin, domin idan naɗi ya kama bakinta zai jawo ta daga nesa tare da duk abin da ta harɗe, shi ya sa gyaran tsohon shinge ya fi kafa sabo haɗari. Inda suturar yau da kullum take da yalwa, irin su babbar riga da rawani da gyale, gargaɗin ya fi nauyi, haka ma inda yara kan taru su kewaye duk wani inji da ya shigo gona.

A ƙarƙashin ƙasa ma akwai abin tsoro, wato bututun gas da na ruwa da wayoyin lantarki da na sadarwa. A Amurka an ware lambar waya 811, wadda ta fara aiki a faɗin ƙasar a 2007, domin duk mai niyyar haƙa ya kira 'yan kwanaki kafin ya fara, a turo masu sa alamar fenti ko ƙananan tutoci a kan duk abin da aka binne.

Ramin da ya dace yana da ƙa'idojinsa, kuma tsohuwar ƙa'idar ita ce a binne kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawon dirka, ta yadda mai tsawon mita 2 da 'yan kai za ta shiga ƙasa da santimita 60 zuwa 75. A ƙasashe masu tsananin sanyi ana ƙara wani sharaɗi, domin ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa ya kumbura ya riƙa turo dirka sama shekara bayan shekara, don haka ake so gindinta ya wuce iyakar da daskarewar ke kaiwa, wadda a jiha irin Minesota ta haura mita ɗaya. Dirkokin kusurwa da na ƙofa su ne ke ɗauke da jan wayar gaba ɗaya, saboda haka su ake zaɓa wa itace mafi kauri da rami mafi zurfi, mita ɗaya ko fiye, a kuma haɗa kowace da maƙwabciyarta da sanda a kwance da waya a gicciye domin su tokare juna. Shingen da ya saki, idan aka bincika, yawanci daga kusurwa ya fara. Game da faɗi kuwa, kuskuren sabon shiga shi ne zaɓen mahujin da ya yi daidai da kaurin dirka, alhali ana buƙatar sarari ta kowane gefe domin a gusa ta ta hau kan igiyar da aka ja domin saita layin shinge, a kuma sami inda sandar daɓe za ta shiga. Dirka mai kaurin inci 4 ko 5 tana son rami mai inci 9. Wuce gona da iri ma yana da kuɗinsa, domin rami mai inci 9 da zurfin santimita 90 yana cin kimanin lita 37, mai inci 12 kuma kimanin lita 66, bambancin da ke zama buhunan siminti masu yawa idan da kankare za a cike ɗaruruwan ramuka.

Daɓe shi ne rabin aikin da tarakta ba ta taɓawa. Mahuji yakan bar sakakkiyar ƙasa a gindin rami wadda sai an kwashe ta da hannu ko an danne ta, in ba haka ba dirka za ta zauna bayan ruwan farko, sannan a riƙa mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar kaurin tafin hannu, ana kirɓa kowane hawa kafin a ƙara wani, a fi ba da ƙarfi a can ƙasa da kuma daf da baki, inda dirka ke jingina idan an ja ta. Mutum ɗaya a kan tarakta yana iya haƙa abin da mutum uku ko huɗu ba za su gama daɓewa a yinin ba, kuma wanda ya ƙididdige lokacin aikinsa da saurin haƙa kaɗai zai sha mamaki.

Raunin nan biyu na mahujin PTO, wato rashin danna kansa da rashin juyawa baya, su ne suka buɗe kasuwa ga wanda matsin mai ke juyawa, wanda ake ɗaurawa a hannun loda na gaban tarakta ko a kan ƙaramar motar haƙa. Shi yana juyawa gaba da baya, nauyin motar yana danna shi, idan kuma ya ci karo da dutse sai man ya sami mafita ta bawul ya tsaya ba tare da an karya komai ba. Illarsa tsada ce da buƙatar famfon mai mai ƙarfi. Masu aikin shinge na haya a Birtaniya da Niyu Zilan da wasu sassan Amurka da yawa sun koma ga na'urar da ke buga dirka kai tsaye cikin ƙasa da guduma mai nauyi, wadda ba ta buƙatar rami ko daɓe.

A ƙasar Hausa, inda shinge ya daɗe yana nufin darnin kara ko dashen dashi da aguwa da cini-da-zugu, masu gidajen gona da wuraren kiwo na zamani da gonakin itatuwa sun fara komawa ga waya, kuma taraktocin Massey Ferguson da ire-irensu da ake haya suna da maratayi da PTO ɗin da na'urar ke buƙata. Abin da zai yanke hukunci shi ne ƙasa da lokaci. A jigawa haƙa ba ta da wuya, sai dai busasshen rairayi yana rubzawa cikin rami da zarar an zaro mahuji, saboda haka ake so a yi aikin ƙasa tana da danshi a kuma kafa dirka nan take. Baƙar lakar fadama tana liƙe wa naɗi da damina, da rani kuma ta ƙafe ta yi tauri kamar tubali, don haka tsakanin ɗaukewar ruwa da shigowar hunturu ne take karɓar haƙa. Inda rani ya riga ya yi nisa, akan fara ramin da dagi kamar taki ɗaya, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, washegari mahuji ya sami abin kamawa. Marmara kuwa ta fi ƙarfin haƙoran da aka yi domin ƙasar noma, tana buƙatar masu bakin ƙarfen kabayid da na'urar da ke iya dannawa, kuma a wurin da take kusa da sama diga da dagi za su ci gaba da aiki. Gara ma tana shiga lissafin, domin itacen da ke jure mata, irin su ƙirya da azarar giginya, ya yi ƙaranci ya yi tsada, abin da ke sa da yawa su zaɓi dirkar kankare ko ta ƙarfe, kuma dirkar kankare, da yake ba ta jure bugun guduma, dole sai an haƙa mata rami.